Kuɗin ruwan sama a bil ɗin gida a Washinton da Maryland: yadda ake lissafa shi da yadda za ka rage shi

Duk wanda ya sayi gida a birnin Washinton ya karɓi bil ɗin farko na DC Water, wato hukumar ruwa ta birnin, zai ga wasu layuka guda biyu da ba su da alaƙa da ruwan famfon da ya sha ko ya yi wanka da shi. Ko ka rufe gidan ka tafi Kano wata uku, ba ka buɗe famfo ko sau ɗaya ba, waɗannan layukan suna nan daram kowane wata. Ɗaya an rubuta Clean Rivers IAC, ɗayan kuma Stormwater Fee. Kuɗin ruwan sama ne, wato ruwan da ke sauka a rufinka da simintin tsakar gidanka ya gangara titi ya shiga kwalbati. Mutanenmu da yawa biya kawai suke yi suna guna-guni, wasu kuma da sun ji ance akwai rangwame sai su garzaya su sayo duron tarar ruwa su kafa suna jiran bil ya faɗi, sai su ga bai motsa ba sai ɗan abin da bai kai kuɗin shayi ba. Rangwamen gaskiya ne akwai shi, amma akwai abin da ya kamata ka fara yi kafin ka kai kansa, kuma in ka bi abin a baibai to wahalar ta fi ribar yawa.

Me ya sa ma ake cajin

Kusan kashi ɗaya cikin uku na Washinton yana kan tsohon tsarin magudanar ruwa da aka gina tun kafin 1900, inda bututu ɗaya ne ke ɗaukar ruwan bayan gida da ruwan sama gaba ɗaya zuwa matatar Blue Plains. Ranar da babu ruwa lafiya lau, amma in aka sheƙa ruwa mai ƙarfi bututun ya cika sai ya amayar da komai, har da ƙazantar, cikin kogin Anacostia da Potomac da Rock Creek. A 2005 aka ƙulla yarjejeniya a gaban kotu da gwamnatin tarayya cewa dole birnin ya magance wannan, daga nan aka fara haƙa manyan ramukan ƙarƙashin ƙasa masu riƙe ruwan har a samu damar tace shi. Na Anacostia ya fara aiki a 2018, na Northeast Boundary a 2023, na Potomac ana kan yi. Aikin biliyoyin daloli ne, kuma tun 2009 aka ce waɗanda filayensu suka fi turo ruwa titi su za su fi biya. Wannan shi ne Clean Rivers IAC, kuma shi ne mai tsoka.

Na biyun, ƙaramin, na hukumar muhalli ta birnin ne wato DOEE, DC Water karɓar musu kawai take yi. Shi kuma yana tafiya ne wajen cika sharuɗɗan lasisin da hukumar EPA, mai kula da muhalli ta gwamnatin tarayya, ke ba birane a ƙarƙashin dokar tsaftar ruwa ta 1972 wadda aka ƙara wa batun ruwan sama a 1987. Ba talaka kaɗai ake caja ba, a Janairun 2011 an sa hannu a doka da ta ce gine-ginen gwamnatin tarayya ma su biya irin wannan kuɗi, saboda da can wasu ma'aikatu suna ƙin biya suna cewa haraji ne kuma ƙaramar hukuma ba ta da ikon ɗora wa tarayya haraji.

Ka riƙe wannan bambanci na hukumomi biyu don zai yi maka amfani a gaba: ƙorafin awo DC Water ake kai wa, neman rangwame kuma DOEE.

Mataki na farko, ka ɗauko bil ɗin ka nemi adadin ERU ɗinka

ERU shi ne ma'aunin. A Washinton ERU ɗaya daidai yake da ƙafa 1,000 murabba'i na wurin da ruwa ba ya iya nutsewa, kusan mita 93 murabba'i kenan. Abin da ake ƙirgawa shi ne rufin gida, rufin gareji da na sito, hanyar shigar mota, dandamalin siminti na bayan gida, da hanyar ƙafa da aka yi wa daɓe. Ciyawa da lambu da ƙasa tsura ba sa ciki. Kuma ba girman ɗakunanka ake dubawa ba, bene mai hawa uku da gidan ƙasa in faɗin rufinsu ɗaya to lissafinsu ɗaya, domin daga sama ake kallo.

Gidajen zama an raba su aji shida:

ƙafa 100 zuwa 600, ERU 0.6
ƙafa 700 zuwa 2,000, ERU 1.0
ƙafa 2,100 zuwa 3,000, ERU 2.4
ƙafa 3,100 zuwa 7,000, ERU 3.8
ƙafa 7,100 zuwa 11,000, ERU 8.6
ƙafa 11,100 zuwa sama, ERU 13.5

Shaguna, masallatai, coci-coci, wurin ajiye motoci da manyan gidajen haya su ba aji ake sa su ba, ana auna duk wurin da ruwa ba ya nutsewa ne a raba da 1,000. Fili ko babu mitar ruwa a cikinsa in dai an shafe shi da kwalta za a aiko masa da bil.

Kuɗin DOEE dala 2.67 ne kan kowane ERU a wata kuma ya daɗe a haka tun 2010. Na Clean Rivers yana canzawa duk ranar 1 ga Oktoba, a shekarar kuɗi ta 2018 ya kai dala 25.18, daga baya ya sauko ƙasa da 20 ya sake hawa, don haka ka duba na bana a bil ɗinka. Don sauƙin lissafi a wannan rubutun zan ɗauka dala 20 ne.

Toh yanzu ka ƙara kallon ajin nan na biyu da na uku da kyau. Mai ƙafa 2,000 yana biyan ERU ɗaya, wato dala 22.67 a wata. Maƙwabcinsa mai ƙafa 2,100, ƙari ɗan ƙafa ɗari kacal wanda bai kai wurin fakin mota ɗaya ba, yana biyan ERU 2.4, wato sama da dala 54. Bambancin ya haura dala 31 a wata, kusan dala 380 a shekara. A nan kuɗin yake, ba a duro ba.

Mataki na biyu, ka auna da kanka

Ba wanda ya zo gidanka da tef ya auna. Hoton sama aka ɗauka daga jirgi, aka zana iyakar rufi da siminti a kwamfuta. Aikin yana da kyau a mafi yawan gidaje amma hoto yana ruɗi, inuwar bishiya ko ta bene tana iya fitowa kamar kwalta, ana iya haɗa maka da simintin maƙwabci ko na lungun bayan gida wanda na gwamnati ne, ana iya ƙirga rumfar da tsohon mai gidan ya rushe tun kafin ya sayar maka, ko tanti da aka kafa ranar da jirgin ya wuce. In gidanka sabon saye ne batun rumfar da aka rushe ya fi yiwuwa.

Ga yadda za ka yi. Ka nemo takardar taswirar filinka da aka ba ka cikin tarin takardun ranar da aka kammala ciniki, tana nuna iyakokin fili da faɗin gini. Ka buɗe Google Maps a kwamfuta ka koma hoton tauraron ɗan adam, akwai abin awo in ka danna ɓangaren dama na linzami, ka zagaye rufin har ka dawo inda ka fara zai ba ka faɗin. Sannan ka fita da tef ka auna hanyar mota da dandamali da matakala, tsawo sau faɗi, ka rubuta kowanne daban. Rufi kar ka auna gangarensa, inuwar da zai yi a ƙasa in rana na tsaka ita ake ƙirgawa, har da bakin da ya zarce bango. Ka tara jimilla ka kwatanta da ajin da aka sa ka. In ka kira DC Water ko ka tura musu imel da lambar akawun ɗinka za ka iya neman su gaya maka adadin ƙafar da suka rubuta maka, kuma ka nemi hoton da suka zana, da shi za ka gane inda aka yi kuskuren in akwai.

In lissafinka ya nuna kana tsakiyar aji, misali an ce 1,400 kai ka samu 1,250, ka bar maganar kawai, ba abin da zai canza tunda duk ERU ɗaya ne. In kuwa kana bakin iyaka, an sa ka a 2,100 ko 2,200 kai kuma ka samu 1,900, to rubuta ƙorafi. A rubuce fa, ba a waya kaɗai ba. Ka sa lambar akawun, adireshin gidan, adadin da suka rubuta, adadin da ka samu, kwafin taswirar, da hotuna masu kwanan wata na wuraren da kake cewa ciyawa ce ko ƙasa. Akwai wa'adin ƙalubalantar bil kuma gajere ne, an rubuta shi a jikin takardar, kar ka ajiye ta sai bayan Sallah. Kuma ka ci gaba da biyan sauran kuɗin da ba ka jayayya a kai, kar tara ta hau kanka a banza.

Wani abu da ya kamata ka sani kafin ka aika: sake awo yana iya juyowa kanka. In tsohon mai gidan ya ƙara dandamali bayan an ɗauki hoton, sabon awon zai kama shi. Shi ya sa na ce ka auna da kanka tukunna.

In kuma awonsu daidai ne amma ka wuce iyaka da ɗan kaɗan, akwai wata hanyar, ka fasa simintin. Ƙafa ɗari biyu na tsohon daɓe a bayan gida wanda ba ka amfani da shi, ka cire ka shuka ciyawa ko ka yi lambun tattasai da alayyahu, ka ɗauki hoto kafin da bayan, ka nemi a gyara maka rikodin. Birnin ma yana da tallafin kuɗi ga wanda ya cire siminti ya maye shi da shuka, zan zo kansa.

Nan ne zan ɗan yi wa 'yan uwa tsiya. Mu da mun samu gida abin da ke fara zuwa mana a rai shi ne a shafe tsakar gida da siminti ko intalok, ba yankan ciyawa, ba laka, ga wurin fakin motar baƙi ranar suna. A gida Najeriya ko Nijar ko zangon Kumasi wannan alamar an gama gini ne. A Washinton kuwa fili 50 sau 50 in ka rufe shi gaba ɗaya ƙafa 2,500 kenan, ka faɗa ajin 2.4, kuma za ka biya shi kowane wata har ranar da ka sayar da gidan. Kafin ka kira mai siminti ka yi wannan lissafin, kuma ka tambayi Department of Buildings, hukumar gine-gine ta birnin, ko aikin yana buƙatar izini.

Mataki na uku, ka duba ko kuɗin shigarka ya ba ka damar samun sauƙi

Wannan mutane suna tsallake shi saboda kunya ko saboda suna zaton na marasa aiki ne. Ba haka ba ne. Bayan ƙorafe-ƙorafen da aka yi a 2017 da 2018, musamman daga coci-coci da maƙabartu da kuɗin ya yi musu yawa, an faɗaɗa shirin taimako zuwa mataki uku, CAP da CAP2 da CAP3. Na farko na masu ƙaramin ƙarfi ne, yana cire kashi 75 cikin ɗari na Clean Rivers har da wani ɓangare na kuɗin ruwan famfo. CAP2 yana cire rabi, CAP3 kuma an yi shi ne don masu matsakaicin albashi. Iyakar kuɗin shigar tana tafiya da yawan mutanen gida, kuma gidan Bahaushe ai ba a rasa mutane, mai mata da 'ya'ya biyar da tsohuwa a gida yana iya shiga da albashin da gwauro ba zai shiga da shi ba. Kashi 75 na dala 20 dala 15 ne a wata, 180 a shekara kan ERU ɗaya, ba ka haƙa rami ba ba ka sayi komai ba.

Ta DOEE ake nema. Ka tanadi katin shaida, bil na baya-bayan nan, takardun albashi na duk mai aiki a gidan ko takardar harajin bara, da shaidar kana zaune a gidan. Ana sabuntawa duk shekara, in ka manta sai ka ga bil ya koma yadda yake ba sanarwa mai ƙarfi.

Ga 'yan kwamitin masallaci kuma akwai na ƙungiyoyin da ba na riba ba, wanda ke iya cire har kashi 90 cikin ɗari na Clean Rivers. Sharaɗin shi ne a nuna da takardun kuɗi cewa cajin ya yi wa ƙungiyar nauyi, kuma a yi wani aikin riƙe ruwan sama ko a yi alƙawarin yinsa. Masallacin da ke da filin fakin ƙafa 20,000 ERU 20 ne kafin ma a ƙirga rufin, sama da dala 450 a wata daga kuɗin da jama'a ke sakawa a akwati ranar Juma'a. Ma'aji ya kamata ya zauna a kan wannan.

Mataki na huɗu, in za ka yi aiki a gidan ka nemi tallafi kafin ka fara

Abu biyu ne daban kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai tallafin yin aikin, sau ɗaya ake bayarwa. Akwai kuma ragin bil na wata-wata bayan an gama aikin. Na farkon ya fi kuɗi nesa ba kusa ba.

Shirin RiverSmart Homes shi ne ƙofar. Ka cike fom a shafin DOEE, ka shiga layi, layin yana iya ɗaukar watanni, sai a turo ma'aikaci ya zagaya gidan ya duba inda ruwa ke bi ya rubuta maka abin da ya dace da filinka, ko duron tarar ruwa, ko bishiyar inuwa, ko lambun ruwan sama, ko shuke-shuken yankin a madadin ciyawa, ko bulon da ruwa ke ratsawa. A yawancin waɗannan kai ɗan kaso kaɗan za ka biya, birnin ya biya sauran, kuma ƴan kwangilar da suke aiki da su ne za su yi. In ba ka son jira akwai hanyar da za ka yi da naka ɗan kwangilar a mayar maka da wani ɓangare, amma a nan ne mutane ke asara, domin yawancin irin wannan sai an amince da tsarin kafin a sa diga a ƙasa. Ka gama aiki ka zo da rasit daga baya ace maka ba ka cancanta ba. Ka karanta sharaɗin kowane tallafi, ka ɗauki hoton wurin kafin a taɓa shi, ka ajiye kowane rasit.

Kafin ka haƙa ko da ramin bishiya ne ka kira 811, kyauta ne, za su zo su shafa fenti inda bututun gas da wayar wuta suke. Ka ba su kwanakin aiki kaɗan kafin ranar haƙan.

Yanzu lissafin ruwan. Ruwan sama inci ɗaya a kan ƙafa 1,000 galan 623 ne. Ma'aunin birnin shi ne ruwan inci 1.2, kuma bayan an cire ɗan abin da ke maƙalewa a rufi ana ɗaukar ERU ɗaya yana zubar da galan 710 da ɗoriya, kusan lita 2,700. Duro irin na galan 55 sai ka jera goma sha uku kafin ka tare shi. Ka ga dalilin da duro ɗaya ba ya motsa bil. Ba wai ba shi da amfani ba, ruwan ban lambu da wankin mota kyauta ne, kuma yana rage abin da mita ke ƙirgawa a bazara. Amma a sa masa raga a baki saboda sauro, a yi masa bututun da zai kai rarar ruwa nesa da tushen gini, a zazzage shi kafin sanyi ya daskarar da ruwan ya fasa shi. Kuma ba na sha ba ne, rufin can yawanci na kwalta ne ba kwano ba, ga kashin tsuntsaye.

Lambun ruwan sama shi ne mai ɗaukar kaya da gaske. Kwari ne mara zurfi, inci shida ko makamancin haka, an sassauta ƙasarsa an gauraya da yashi da takin gargajiya, aka karkato indararon gida ya riƙa zuba a ciki, aka shuka tsirrai masu jure jiƙa da fari. Ya yi nesa da tushen gini aƙalla ƙafa goma, in ba haka ba ruwa zai shiga maka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kuma kar a yi shi a ƙarƙashin babbar bishiya ko kan bututu. Ka fara gwada ƙasar: haƙa rami zurfin ƙafa ɗaya, cika da ruwa ka bari ya tsotse, sake cikawa ka ga tsawon lokacin da zai ɗauka. In bayan kwana biyu ruwa na nan tsaye wurin bai dace ba, kuma ƙasar yankin nan akwai yumɓu sosai don haka kar ka tsallake gwajin. Girman kuma misali rabin rufinka na baya ƙafa 500 ne, ruwansa galan 355, wato kusan ƙafa 47 na cikin rami in an yi tsawo sau faɗi sau zurfi, in zurfin rabin ƙafa ne kana buƙatar wuri kamar ƙafa 95 murabba'i, goma sau goma kusan, ko ƙasa da haka tunda ƙasar da aka sassauta ita ma tana shanye nata.

Bulon da ruwa ke ratsawa ga mai son intalok shi ne mafita. A ido kamar intalok ɗinmu yake amma akwai tazara tsakanin bulon an cika da ƙananan tsakuwa, ƙarƙashi kuma shimfiɗar tsakuwa ce mai kauri da ke riƙe ruwan. Yana da tsada kuma sai wanda ya iya, in aka shimfiɗa shi kan yashi da siminti kamar na gida to bulo ne kawai ba zai ci tallafi ba. Yana son shara, in ƙura da ganye suka toshe tazarar ya daina aiki.

Mataki na biyar, sai yanzu ragin wata-wata

Sunansa RiverSmart Rewards. Mafi yawan abin da za a cire maka shi ne kashi 55 cikin ɗari na kuɗin DOEE da kashi 20 na Clean Rivers, kuma wannan sai in kana riƙe ruwan inci 1.2 na duk filinka. Mai ERU ɗaya kenan zai samu dala 1.47 da dala 4, jimilla kusan dala 5.50 a wata, 65 a shekara. Wanda ya riƙe rabi ya samu rabi. A ganina ba wanda ya kamata ya kashe dubban daloli daga aljihunsa saboda wannan kaɗai, amma in an riga an yi aikin da tallafi, ko ɗakin ƙasanka na shan ruwa dama kana neman mafita, to barin kuɗin a tebur wauta ce, fom ɗaya ne.

Fom ɗin iri biyu ne. Mai sauƙi na wanda aikinsa ke kula da ƙafa 2,000 ko ƙasa, yawancin gidaje nan suke, ka faɗi abin da ka kafa, girmansa, faɗin rufin da ke zuba a ciki, ka ɗora hotuna. Hoton ya nuna indararon yana shiga duron ko lambun, ba duro a jingine a bango ba. Ɗayan na manyan wurare ne, yana buƙatar zane da lissafin injiniya. In an amince ragin zai fito a bil na shekara uku, sai ka sabunta, kuma suna da ikon zuwa dubawa, lambun da ya cike da ciyawa ko duron da aka cire wa bututu zai jawo a soke. Ka sa ranar sabuntawar a wayarka yau ɗin da takardar amincewar ta zo.

Masu babban fili, masallaci ko makaranta ko gidan haya, su tambaya game da Stormwater Retention Credits da aka fara a 2013. Wanda ya riƙe ruwa fiye da abin da doka ta ɗora masa yana samun maki, maki ɗaya galan ɗaya na shekara ɗaya, ya sayar wa masu manyan gine-gine da ba su da wurin riƙe nasu. Akwai kamfanonin da ke yin aikin a filinka da kuɗinsu su ɗauki makin, amma yarjejeniyar ta shekaru ce, lauya ya karanta kafin liman ko shugaban kwamiti ya sa hannu.

In kana haya ko kana kwando

Bil ɗin na mai gida ne, amma yarjejeniyar haya da yawa tana jefa shi kan ɗan haya, ka duba taka. Ba za ka iya haƙa lambu ba sai da izinin mai gidan a rubuce, sai dai taimakon kuɗin shiga ka tambaya ko ka cancanta. A kwando, wato condo, ginin da kowa ya mallaki nasa ɓangaren, ƙungiyar masu gidaje ce ke biya ta raba muku cikin kuɗin wata, don haka a taronsu za ka tada maganar.

Wanda ke Maryland ko Bajiniya

Mutanenmu da yawa ba cikin birnin suke ba, suna Silver Spring, Hyattsville, Laurel, Baltimore. Matakan duk ɗaya ne amma lambobin da ofisoshin daban, kar ka ɗauki na Washinton ka kai can. A 2012 Maryland ta yi doka zamanin gwamna Martin O'Malley da ta tilasta wa gundumomi tara da birnin Baltimore su caji wannan kuɗi don tsaftace mashigin Chesapeake, ƴan adawa suka yi ta kiransa harajin ruwan sama, Larry Hogan ya yi kamfen neman gwamna da shi a 2014, a 2015 aka cire tilascin. Wasu gundumomin sun soke, amma Montgomery da Prince George's da birnin Baltimore suna caja har yanzu.

Babban bambancin shi ne a Montgomery da Prince George's kuɗin a takardar harajin gida yake fitowa sau ɗaya a shekara, kuma in bankin da ya ba ka bashin gida ne ke biyan harajin daga abin da kake turawa duk wata, to kana iya shekara goma ba ka taɓa ganin layin ba. Ka shiga shafin gundumar ka buɗe takardar harajin da adireshinka. A Montgomery sunansa Water Quality Protection Charge, ERU ɗinsu ƙafa 2,406 ne, tallafin aiki ana kiransa RainScapes, kuma neman ragi yana rufewa 30 ga Satumba. A Prince George's sunansa Clean Water Act Fee, tallafin shi ne Rain Check Rebate, kuma suna da tsari na musamman ga wuraren ibada inda ake rage musu in sun ba da wuri a yi aikin riƙe ruwa ko sun wayar da kan jama'arsu. Baltimore a bil ɗin ruwa take sawa, kuma tana rage wa wanda ya fita aikin gayya na share unguwa ko rafi ko dashen bishiya da aka yi wa rajista, sai ka tabbata an rubuta sunanka da awannin da ka yi. A Bajiniya, Alexandria ta fara nata a 2018, Arlington ta koma irin wannan tsarin a 2024, dukansu a takardar harajin gida, kuma neman ragi yana da lokacin buɗewa da rufewa a shekara, wanda ya wuce ka sai baɗi.